Muryar Kaka da Sababbin Sifiku

A shekarar da na gama jami'a ina zaune a gidan Kawu, yayan mahaifiyata, a sabon Zongo na Lome, ina jiran sunana ya fito a jerin waɗanda gwamnati za ta ɗauka koyarwa. Kimiyya na karanta, kuma cikin darussan da na ci da maki mai kyau akwai na lantarki da na maganaɗisu. Ba don alfahari na faɗi wannan tun farko ba, sai don a auna abin da zai biyo baya yadda ya kamata.

Kawu ɗan kasuwar atamfa ne a Assigamé, babbar kasuwar birnin. Yana da mota mai ƙofa biyu, irin ta gudu, wadda ya saya hannun wani Bature malamin makaranta da ke Tokoin lokacin da zai koma ƙasarsu. Ja ce, ko da yake rana da iskar teku sun cinye jan har ya koma kalar manja. Gajeriya ce ƙwarai, cikinta kusan yana shafar ƙasa, kuma hanyoyin unguwarmu a wancan lokaci yashi ne da ramuka. Ban taɓa ganin Kawu ya yi gudu da ita ba. Kafin ya shiga sai ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya cire hula, ya sa ƙafar dama, sannan ya zube a kujera. Abokansa na kasuwa suna kiranta takalmin Alhaji. Shi kuwa ba ya mayar musu da magana.

Amfanin motar na gaskiya ba tafiya ba ne. A cikinta akwai na'urar kaset, kuma ita ce kaɗai na'urar da Kawu ya yarda da ita, domin rediyon ɗaki ya taɓa tauna masa zaren wani kaset na wa'azi. A cikin wannan mota yake sauraron mahaifiyarsa.

Kaka ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai a tsohon Zongo, na cikin gari. Da aka tashi unguwar aka mayar da mu nan bayan gari, ta ce ba za ta fara sabon murhu da tsufanta ba, ta koma garin da aka haife ta can arewa. Ba ta rubutu, don haka saƙonta a kaset yake zuwa, kamar na yawancin tsofaffin Zongo da suka koma gida. Wani zai ajiye mata rikoda a gaba, ta yi magana har ta gaji, a naɗe kaset ɗin a ba direban motar albasa ya kawo. Al'adar ita ce idan an saurara, sai a ɗauki amsa a kan wannan kaset ɗin a mayar da shi. Saboda haka babu wanda ya tara muryarta. Na ƙarshe ne kaɗai ya tsaya a hannun Kawu, domin kafin ya amsa, labarin rasuwarta ya iso.

Na taɓa ba shi shawara a kai kaset ɗin wurin masu kwafe waƙoƙi a kasuwa a yi masa na biyu. Ya ƙi. Ya ce maganar gida ce, kuma a zamanin nan mutum ba ya miƙa wa baƙo maganar gidansa ya zauna ya saurara. A wancan lokaci na jam'iyya ɗaya wannan amsa ba ta bukatar ƙarin bayani, ko da yake na san babu komai a kaset ɗin sai gaisuwa da addu'a da rabon 'yan kayan ɗaki.

Kowace Juma'a bayan la'asar yakan shiga motar shi kaɗai, inda take ajiye ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ya rufe gilashi, ya kunna. Sai dai sifikun da ke kan allon gaban motar, wanda mu a Zongo muke kira tabulo, sun tsufa. Takardarsu ta yage, kuma muryar Kaka, wadda dama siririya ce, tana fitowa da zuzar ƙwaro a bayanta. Wata rana ya dawo daga kasuwa da kwali a hammata ya ajiye a gabana.

"Misye," ya ce, haka yake kirana da Faransanci, wato malam, tun da na shiga jami'a, "ga sababbin sifiku nan. An ce su ne masu kyau. Ba zan kai ta gareji su yi mini fata-fata da ita ba. Kai da ka karanta wuta shekara uku, ka nuna mana abin da aka koya maka."

"Kawu, abin da na karanta da wannan akwai ɗan bambanci."

"Wutar jami'a daban take da ta mota?"

"A'a, ɗaya ce."

"To, ran Lahadi."

Kwana uku na yi ina shiri. Na auna faɗin ramukan tsofaffin sifikun da rula, na maimaita har sau uku, na rubuta. Faɗin ya yi daidai, amma sababbin sifikun sun fi tsofaffin zurfi, saboda maganaɗisun da ke bayansu ya kusa ninka na da. Na zira waya ta cikin murfin da ya rufe kowane rami na auna zurfin wurin, na ga na hagu zai shiga, na dama kuwa zai taɓa bututun iska sai an ɗaga shi kaɗan. Na yanko zobe na katako mai laushi don wannan. Gilashin gaban motar ya kwanta sosai, sukundireba mai tsawo ba za ta tsaya a kan sukurori ba, don haka na kai wata tsohuwar sukundireba wurin maƙeri ya gajarce ta. Na zana yadda wayoyi suke a littafina. Ina jin babu abin da na bari, kuma har yau idan na duba shafin nan ban ga kuskure a cikinsa ba.

Ran Lahadi da hantsi Kawu ya tafi suna a Agbalépédo cikin tasi. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Tsohuwa tana ciki, ka kula da ita." Kaset ɗin yake nufi. Ya bar shi a cikin na'urar.

Kafin in cire kan batir, na danna na fitar da kaset ɗin. Gidansa na roba ya daɗe da fashewa, a farin hankici ake naɗe shi a sa a aljihun motar. Na naɗe shi. Amma aljihun motar dole in kwance shi gaba ɗaya kafin in kai ga wayoyin dama, don haka sai in nema masa wani wuri.

Ina tuna yadda na tsaya da shi a hannu, domin na daɗe a tsaye. Kaka ta buɗe maganarta da sunan Allah da salati, kuma akwai addu'o'i har ƙarshe. A gidanmu ba a ajiye abin da ke ɗauke da sunan Allah a ƙasa, ko takarda ce aka gani a hanya sai an ɗauke ta an soka a bango. Ban tsaya tambayar kaina ko hukuncin takarda ya hau kan zaren kaset ba. Hannuna ne kawai ya ƙi. Tabarmar da na shimfiɗa kayan aiki a kanta tana ƙasa. Kujerar mota wurin zama ce, ƙasan motar wurin takalmi. Rufin motar ya fara zafi, kuma na san zafi yana lanƙwasa roba. Aljihun rigata akwai gumi da sukurori. Ɗakin Kawu a kulle yake, namu kuwa mu huɗu ne a cikinsa, ana shiga ana fita.

A bakin tagar ɗakin Kawu, cikin inuwa, na riga na ɗora kwalin, na kife sifikun biyu a kansa don kada ƙura ta sauka a fuskarsu. Bayan sifikar dama ƙarfe ne mai sheƙi, sabo, shimfiɗaɗɗe, kuma shi ne abu mafi tsabta da tsayi a duk tsakar gidan. Na ɗora kaset ɗin a kai da bisimilla. Na ji ya ɗan kama, saboda ƙananan sukurorin da ke jikinsa. Na ji daɗin haka, na ce ko iska ta taso ba zai faɗi ba.

Aikin hagu ya tafi daidai. Na ɓalle murfin da bakin wuƙa da na naɗe da tsumma, na kwance sukurori huɗu, na zaro tsohuwar sifikar. Takardarta ta ruɓe, tana ɓarɓashewa a yatsa. Wayoyin biyu duk launinsu ya koɗe, don haka na bi su har bayan na'urar don in tabbatar wace ce wace. Sabuwar sifikar kuwa na gwada ta da batirin tocila: idan takardar ta turo waje, to ƙafar da ke kan batirin ita ce mai alamar tarawa. Na yi wannan sau biyu. Na haɗa da dalma, na naɗe, na ɗaure. Matar Kawu ta aiko mini da kunu, ya huce ban sha ba.

Bayan azahar na je ɗauko ta dama. Sukundirebar tana hannuna. Da na miƙa hannu zan ɗauke kaset ɗin, sai ta kuɓuce ta manne a gefen sifikar da ƙara, kaf. Na tsaya ina kallonta tana lilo. A nan ne darasin ya dawo mini, har da shafin littafin da zanen da ke kansa. Zaren kaset ba komai ba ne face garin ƙarfe da aka jera da maganaɗisu mai rauni, kuma mai ƙarfi yana rushe jerin.

Na ɗauke shi da sauri, kamar saurin zai yi wani amfani. Na san ba zai yi ba. Ɓarnar irin wannan ba ta jiran awa uku, tana faruwa ne a lokacin da aka ɗora, sauran lokacin zama ne kawai. Na riƙe shi sama da haske na duba. Zaren yana nan launin ƙasa-ƙasa, a naɗe lafiya, babu abin da ido zai gani.

Ina iya mayar da kan batir in saurara. Ban yi ba. Na gaya wa kaina cewa ba ni da izinin jin maganar Kawu da mahaifiyarsa ba ya nan. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Na ba matar Kawu kaset ɗin ta sa a cikin kwallarta, na koma na gama aikin dama. Zoben katakon ya zauna daram. Na mayar da aljihun motar, na share tabulo, na kunna rediyo. Ana waƙoƙin yabon shugaban ƙasa da ake sawa kullum kafin labarai, kuma sun fito tas, har ana jin tafin mata ɗaya-ɗaya. Aikin ya yi kyau. Ina ganin ya kamata a rubuta wannan ma.

Kawu ya dawo bayan la'asar da ƙullin goro da naman suna. Ya zagaya motar, ya leƙa, ya shafa murfin.

"Ka ga ko alamar taɓawa babu. Ashe ba a banza aka yi ta sayen littattafai ba. Ina tsohuwa?"

Aka kawo. Ya tattare riga ya shiga, ya ce in zagayo in zauna, tunda ni na yi aikin. Wannan shi ne karo na uku da zan ji kaset ɗin. Na farko ranar da ya iso, na biyu ranar sadakar bakwai.

Da farko muryar ta fito kamar tana kujerar baya. Ana jin numfashinta, ana jin kaza a nesa, ana jin wani yana cewa ta matso kusa da rikoda. Kawu ya dafa sitiyari da hannu biyu. Ta yi bisimilla ta fara salati, sai muryar ta nutse kamar an tura ta cikin ruwa, ta taso, ta yi kalma huɗu ko biyar, ta sake nutsewa. Haka ta ci gaba, a kan lokaci, daidai da juyin zaren. Ina kallon ƙafafun kaset ɗin ta ƙaramar tagar na'urar, ina iya faɗin inda za ta ɓace kafin ta ɓace. Yayin da ake matsawa ciki, ɓacewar tana yawaita. Wajen ƙarshe akwai wuraren da babu komai sai huci.

Kawu ya bari har ya ƙare. Ya fitar da shi, ya hura, ya buga shi a tafin hannu, ya mayar. Daidai da na farko.

"Ko wayarka ce ba ta kama ba?"

"Wayar ta kama, Kawu. Rediyo yana yi lafiya."

Ya juya kaset ɗin a hannunsa. "Iskar teku ce," ya ce. "Ba abin da take bari. Ta ci fentin mota, ta ci kwanon rufi, balle wannan ɗan zare. Dama an ce ba sa daɗewa. Da tsofaffin sifikun ne ba a ji ba saboda ƙara."

Ya riga ya miƙo mini hanyar fita, kuma ya yarda da ita. Babu wanda ya gan ni a bakin tagar. Na zauna ina kallon murfin sifikar dama. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya sa na yi magana ba, ko da yake ina fata yana ciki. Abin da na fi tunawa shi ne bayanin nasa ba daidai ba ne. Gishirin teku ba ya goge murya a kan lokaci, juyi bayan juyi, kuma na kasa zama kusa da wannan bayani.

"Ba iska ba ce, Kawu. Ni ne."

Na faɗa masa duka, a jere: tabarma, kujera, rufin mota, aljihu, taga. Na bayyana masa yadda maganaɗisu yake aiki, kuma ina jin na tsawaita fiye da kima. Bai katse ni ba.

"Wato ƙarfen da ke bayan abin ne ya sha maganar."

"Kusan haka ne."

"Kuma an koya muku wannan a jami'a."

"An koya mana. A shekara ta biyu."

"Ka ci jarrabawar?"

"Na ci."

"Madalla." Ya kalli gaba ta gilashi. "Da ka yar da ita a ƙasa cikin yashi, da tana nan?"

"Da tana nan."

"Ka ga wannan kuma ba zan iya zaginka a kai ba, ita ta koya mana kada a ajiye sunan Allah a ƙasa. Ana iya mayarwa?"

"Ba a iyawa."

"Ko a Turai?"

"Ko a Turai. Abin da ya goge ya goge."

Ya naɗe kaset ɗin a hankicin, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya fita da ƙyar kamar kullum. Kwana huɗu bai kira ni Misye ba, bai kira ni komai ba. Yana amsa gaisuwata, muna cin abinci kwano ɗaya.

Ran Juma'a bayan la'asar ya aiko a kira ni, ya ce in zo da littafin nan nawa na awo da biro. Na zo da biro biyu, shuɗi da ja. Ya ce tunda na iya rubuta zurfin rami, zan iya rubuta maganar tsohuwa. Zai kunna, in rubuta abin da ya fito, inda ta nutse shi zai cike, domin ya saurare ta Juma'o'i fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Na ce zan sa abin da na ji daga kaset da shuɗi, abin da ya faɗa da ja.

"Ba ka yarda da ni ba ke nan?"

"Na yarda, Kawu. Don dai a san wanne ne wanne."

"Yi yadda ka ga dama, Misye."

Juma'a uku muka yi. Yana kunnawa, yana tsayarwa, yana mayarwa baya da kansa, ba ya bari in taɓa. Yakan faɗi nasa kason da irin lafazinta, har da yadda take jan ƙarshen magana. Matarsa ta tsaya a bakin gilashi sau ɗaya ta ce tasar jan ƙarfe ba ga babbar 'yarsu aka ce a ba ba, ga ƙaramar ce. Suka yi musu. Na rubuta duka biyun da ja, na sa alama a gefe. A shafukan farko shuɗi ya fi yawa. Daga tsakiya ja ya rinjaya.

A Juma'a ta uku muka iso kusa da ƙarshe, inda Kaka ta gama da 'ya'yanta ta juyo kan jikoki. Ni takan kira mijinta, kamar yadda kakanni suke yi. Muryar ta taso sarai ta ce, "Shi kuma mijin nan nawa mai boko, ku gaya masa," sai huci. Na duba agogo, hucin ya kai daƙiƙa goma sha ɗaya. Sai dariyarta ta fito, da kalma biyu, "in ya," sai huci kuma, sannan ta shiga sunan jikan da ke bina.

Na ɗauki jan biro na jira. Kawu ya tsayar da kaset ɗin.

"Kawu, nan fa?"

"Nan ba nawa ba ne. Idan ta zo kan jikoki hankalina yakan tafi wani wuri. Kai aka yi wa saƙo, kuma kana zaune aka kunna, har sau biyu. Me ta ce?"

Na yi ƙoƙari. Na tuna ranar farko mutane sun yi dariya sun juyo suna kallona, ni kuma ina tunanin jarrabawar da ke gabana. Ina jin akwai maganar aure a ciki, ko ta tabarau da nake sawa, ko ta kokon da nake sha ba na biya. Kowanne zai iya zama, kowanne ya yi kama da ita. Na tambayi mahaifiyata daga baya, ta ce wasa ne dai irin na kaka da jika. Matar Kawu ta ce addu'a ce. Babu biyun da suka faɗi abu ɗaya.

"Rubuta wanda ya fi kwanta maka," in ji Kawu. "Wa zai kama ka?"

Na ce ba zan iya sa shi da shuɗi ba tunda ban ji ba, kuma ba zan iya sa shi da ja ba tunda babu wanda ya tabbatar. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya danna na'urar ta ci gaba.

Na auna yawan layin da maganar daƙiƙa goma sha ɗaya take ci a rubutuna, na samu layi biyu da rabi. Na bar layi biyu da rabi babu komai, na rubuta "in ya" da shuɗi, na bar wani rabin layi, na ci gaba da jikan da ke bina.